Cibiyar da Ba Ta Samu Ƙasa Ba

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kai ni makarantar 'yan mata ta unguwar Zahir shi ne gashi. A bakin ƙofa kowa baƙa ƙirin take cikin abaya, ba a bambance 'yar wane da 'yar wane. Amma da an wuce katangar nan mai lanƙwasa da ke tare idon maza, sai a fara tuɓe abaya ana cusawa a jaka, gashi ya riƙa zubowa ta ko'ina. Wani har gadon baya, wani an tufke shi da jan ƙyalle, wani yana sheƙin mai, yana lilo idan mai shi ta juya. Ni kuwa shuku ne a kaina, ƙanana-ƙanana, wanda Inna ta yini tana kitsa mini har fatar goshina ta ɗaure. A lungunmu na Hindawiyya duk matar da ta ga kitson sai da ta tsaya ta yaba. A nan kuwa na riƙe mayafina a ka da hannu biyu, na rasa ta inda zan fara cire shi, har wata malama ta zo ta zare shi da yatsa biyu kamar mai ɗaga murfin tukunyar da ta kwana. Na tsaya ina kallo. Ni dama ba mai magana ba ce, idona ne ke yi mini aiki.

Lungun da na fito babu shi yanzu. Kwanakin baya aka wuce da ni ta wajen a mota, na ga titi shimfiɗe a kan inda ɗakinmu yake, na nemi ko da dutse guda da na sani na rasa. Shi ya sa nake ta tuna abubuwan da na yi zaton sun bar ni. A da, da sanyin safiya, kiran salla ne ke fara tashi daga masallatai yana hawa kan juna, sannan ƙarar garewani a famfon unguwa, sannan lugude. Mutane ba sa yarda idan na ce a Makka na tashi da ƙarar turmi a kunnena, amma haka ne. Matan lungunmu daka suke yi, su soya gyaɗa a yashi, su ƙulla ta, su kai bakin hanyar mahajjata. Aikina shi ne ɓare gyaɗar da fifita wuta, da kai wankin da Inna ta yi gidajen Larabawa, in tsaya a ƙofar baya har a miƙo hannu a karɓa. Yau yaranmu ko ruwa ba su san daga ina yake hawowa ba, sun dai san kan famfo. Ba na yi musu baƙin ciki, wahala ba ado ba ce. Amma gidajen yanzu shiru gare su, sai kukan na'urar sanyi.

Baba haifaffen nan ne, kakansa ya zo a ƙafa, kuma yana da takardar ɗan ƙasa, tasi yake ja. Inna kuwa aikin hajji ya kawo ta tare da kawunta, ya rasu a Mina, ta zauna. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk lungun an san haka. Ta fi kowa sanin ƙarar motar jawazat, masu kama marasa takarda. Da ta ji ta, sai ta bar abin da take yi ta shige bayan duron ruwa, mu kuma mu ci gaba da wasa kamar ba mu da uwa. Wadda aka kama an tafi da ita ke nan, a mayar da ita ƙasar da ta fito, 'ya'yanta su girma a hannun maƙwabta. Saboda haka duk abin da ya shafi ofis ko makaranta, Gwaggo ce ke zuwa a madadinta, yayar Baba, wadda Larabcinta ya fi Hausarta daɗi.

Ba zan ɓoye ba, Inna ba wanki da gyaɗa kawai ta iya ba. Ungozoma ce, ta san turaruka da saiwoyi, kuma idan wata mata ta kwanta ciwon da aka ce na iska ne, akan taru a ɗaki a rufe ƙofa, a kifa ƙwarya a kan ruwa, a yafa mata zani don kada kiɗan ya fita waje. Inna ce ke waƙar, da wata murya siririya wadda ba da ita take yi mana faɗa ba. Ban ce daidai ba ne. Na yi karatu daga baya, na san abin da malamai suka ce, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Abin da na gani da idona shi ne, har matan Larabawa kan aiko a kira ta ta ƙofar baya idan 'yarsu ta faɗi, gobe kuma su gan ta a hanya su ja 'ya'yansu gefe.

A ƙasan akwatinta akwai wata ƙaramar laya ta jar fata, ba ta fi kan babban yatsa ba. Babu rubutu a ciki. Cibiyata ce da ta bushe ta faɗi ina jaririya, da gashin da wanzami ya aske mini ranar suna, an naɗe su da jan zare. A garin su Inna, a bayan ɗakin uwa ake binne cibiyar yaro, nan ne ƙasarsa, ko ina ya je a duniya yana da inda aka san shi. Mu kuwa ɗakin haya muke ciki, a kan dutse, ko taku ɗaya na ƙasa ba namu ba ne. Sai ta kai wa wani baduku ya rufe su. Takan ce, "Ran da muka koma gida, kusa da tawa zan binne miki, gindin tsamiyar gidanmu." Ana jibi zan fara zuwa Zahir ta fito da ita, ta farke wuyan maryul ɗina, rigar makarantar nan mai ruwan toka, ta cusa ta ciki ta ɗinke.

Na ce, "Inna, tana sukata."

Ta ciji zaren ta tofar. "Ta soke ki mana, ki riƙa tunawa da mai ita. Nisa za ki yi, cikin mutanen da ba su san sunan kakarki ba. Yaron da cibiyarsa ke jikinsa ba ya ɓata."

A aji aka zaunar da ni kusa da wata 'yar gidan masu hali, fara sol, mai ɗan tabo a haɓa. Ba kullum take muguwa ba, ta taɓa ba ni aron abin goge fensir mai ƙanshin lemo. Amma idan ƙawayenta na kusa, sai ta ja jelar kitsona ta ce, "Ya takruniyya, da wannan kuke wanke tukunya?" Su yi dariya, ni in ƙura wa tsagar tebur ido. Takruniyya ita ce kalmar raini da suke kiran mu baƙaƙe da ita. Akwai wata kalmar da ta fi wannan, mai nufin baiwa, ita ba zan rubuta ta ba. Ana haka yarinyar ta fara faɗuwa. Muna cikin karatu sai ta sandare, idonta ya juye, kumfa na fita a bakinta. Ta yi sau ɗaya, ta sake, ta kuma. Sai na lura an fara matsar da jakunkuna daga kusa da tawa.

Ranar duba farce da kai, malamarmu, wadda muke kira Abla kamar yadda ake kiran kowace malama a nan, ta ɗaga wuyan rigata tana neman datti, yatsanta ya ci karo da ƙullin. Har yau ina jin ƙarar almakashin. A ofishin mudira, shugabar makaranta, aka tsaga layar da reza a kan farar takarda. Gashi ya bazu, ga wani ɗan baƙin abu busasshe, ga zare mai ƙulle-ƙulle. Abla ta ja da baya tana neman tsari. A wajensu gashi da ƙulli shi ne sihiri tsagwaronsa, kuma a ƙasar nan ba a wasa da wannan kalma. Mudira ta ce gobe in zo da uwata. Idan ba ta zo ba, maganar ta fi ƙarfin makaranta, za ta miƙa ta gaba.

Da yamma aka kira Gwaggo. Tun kafin ta zauna ta fara karkaɗa wa Inna hannu, awarwaronta na ƙara.

"Ni? Wallahi ƙafata ba ta taka can. Sihiri fa aka ce, ke yarinya, ya bint, ba fashin makaranta ba. Na sha gaya miki nan ba ƙauyenku ba ne. Kin zo ƙasar Manzo kin kasa rabuwa da fatar akuya."

Inna ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Yaya, ai a fatar akuya kakanku ya sha ruwa har ya iso nan."

"Ji ta! Bakin nan naki ki kai wa jawazat, su ba ki kujera."

Baba na bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu. Namiji ba ya shiga makarantar mata, ko da ya so. Ya ce, "To a bar makarantar mana. Ta zauna gida, magana ta mutu."

"Ba za ta mutu ba, biyo mu za ta yi," in ji Inna. "Ko da ta mutu, sai yarinyar ta zauna ta gaji farantin gyaɗata? Ni zan je."

"In suka tambayi takardarki fa?"

"Sai ka koyi kitso."

Ba wanda ya yi dariya.

Washegari muka tafi tare. Ta sa abayarta ta zuwa Harami, wadda baƙinta ya fara komawa kore a kafaɗa. A ƙofar ofis ta tuɓe takalmanta ta jera su, ta shiga ta durƙusa har ƙasa ta yi gaisuwa, kamar yadda ake gaida manya a garinsu. Ba wanda ke yin haka a nan. Na ji 'yan mata na ƙunshe dariya a bayan taga. Uwar yarinyar nan mai faɗuwa na zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙanshin turarenta ya cika ɗakin. Inna ta buɗe fuska, ga tsagar gidansu a kumatu biyu, ta fara bayani da Larabcinta na kasuwa, mai mayar da mace namiji.

"Na 'yata ne, ya Abla. Cibiyarta, da gashinta na ranar suna. Ba na kowa ba ne."

Uwar yarinyar ta miƙe, ta ɗauki silin gashi ɗaya daga takardar da bakin alƙalami, ta ɗaga shi sama. Laushi gare shi, baƙi, mai santsi, da ɗan lanƙwasa kaɗan. Sannan ta kama jelar kitsona da ɗaya hannun ta jera su.

"Ku duba, don Allah. Wannan ne ya fito daga wannan kan? Gashin 'yata ne, an tsinto shi a aji."

Na duba ni ma. Gaskiya ba su yi kama ba ko kaɗan. Har ni sai da zuciyata ta yi shakka.

Inna ta ce, "Duk haka ake haihuwarsu, da laushi, kamar naku. Daga baya ne yake zama namu."

Ba su taɓa riƙe jaririn baƙar fata ba, ta ina za su sani? Matar ta saki kitsona ta goge hannu a jikin abaya, ta juya ta dubi Inna daga sama har ƙasa.

"Ke, ina iƙamarki?"

Fanka na juyawa a sama tana ƙyas, ƙyas. Wani ƙuda ya sauka a bakin kofin shayin mudira. Na ga babban yatsan ƙafar Inna ya danne ƙasa har farcen ya yi fari. Mudira tsohuwa ce mai tabarau, ta daɗe tana kallon Inna, ta kalle ni, sannan ta rufe alƙalaminta.

Ta ce, "Nan makaranta ce, ba ofishin jawazat ba." Ta tura takardar gaba. "Ya Hajja, rataya irin wannan ba ya halatta, Allah kaɗai ke tsare yaro. Za a ƙone shi. Idan sihiri ne ya karye, idan ba shi ba ne ba ki yi asarar komai ba. Daga nan magana ta ƙare, yarinya ta koma aji."

Na daɗe kafin in gane cewa ƙofa ce matar nan ta buɗe mana, kuma ba ta da wata. Inna ta gane nan take. Duk da haka ta gwada.

"A ƙone gashin, ya Abla. A bar mini ɗan baƙin."

"Kun ji ko?" in ji uwar yarinyar. "A nan aikin yake."

Inna ta ce, "To a bar ni in sa da hannuna."

Mai sharar makaranta ta kawo kaskon turare da garwashin da ake dafa shayi, ta ajiye a tsakar fili, ta koma gefe ba ta kalli kowa ba. Ita ma baƙa ce. Duk tagogin ajujuwa sun cika da kawuna. Inna ta tsuguna, ta karkata takardar, gashin ya yi ƙauri ya naɗe nan da nan. Cibiyar ce ta ɗan jima, ta kumbura, ta yi wani ɗan tsit, ta zama gawayi. Sai Inna ta miƙe tana dariya, wata dariya mai faɗi da ban taɓa ganin ta da ita ba, tana ta "shukran, shukran", ta je ta sumbaci kan mudira, ta nemi hannun uwar yarinyar ma, aka janye.

Ni kuwa me nake yi? Dugaduganta nake kallo. Faso ya tsattsage su, toka-toka, ga ta ba takalmi a gaban makaranta guda. Uwata na ƙona ƙasar da ta ajiye mini, ni abin da ke raina shi ne da ma ta sa safa. Kunyar ranar nan iri biyu ce. Ta farko ta sake ni tun ina budurwa. Ta biyun, kunyar abin da na ji kunyarsa, ita ce ta tsufa tare da ni.

A hanyar gida ba ta yi kuka ba. Ta tsaya wajen mai balila, dafaffen waken nan na Larabawa, ta saya mini, ina ci tana kallon motoci. Da muka isa ta karɓi rigar ta ɗinke wuyan, babu komai a ciki. Ta ce, "Yanzu sai ki riƙe hanya da kanki." Daga ranar ban sake jin waƙarta ba, ko an zo kiran ta sai ta ce maƙogwaronta na ciwo. Ta kuma daina zancen tsamiyar gidansu. Yarinyar nan ta ci gaba da faɗuwa har likita ya ɗora ta a kan magani, ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Na gama makaranta, har na koyar a wata. Inna ba ta koma gida ba, a nan aka binne ta, cikin kaburburan da ba a sa wa suna. Ban taɓa ba 'yata wannan labari ba.

Yanzu jikata ce ta zo wankan jego gidana, a nan Zahir, da jaririyarta mace. Hausarta gutsi-gutsi ce, tana ji amma da Larabci take amsawa. Kullum da littafi a hannu tana shayarwa, wani ƙagaggen labari na zamanin bauta a wata ƙasa bayan teku, inda baƙaƙen mata ke da iskokin da suka taho da su daga gida, uwa na miƙa wa 'ya. Ta ba ni labarin idonta na ƙyalli, wai da fararen suka zo raba uwa da 'yarta, uwar ta kira wuta ta cinye musu gonaki.

Ta kira ni da kalmarsu ta kaka, ta ce, "Ya Sitti, mu ba mu da irin wannan? Ko ɗan aljani ɗaya ba ku bar mana gado ba?"

Na ce, "Ke ce aljanar, mai cinye mini kaji kullum da sunan jego."

Ta yi dariya ta koma karatunta. Ni kuwa na zauna ina kallon ta. Ga ta tana alfahari da uwar wani littafi, ba ta san tana da tata ba. Waccan ta kira wuta a kan maƙiya. Tawa uwar kuwa, wutar aro aka kawo mata a kasko, ta ƙona abin da ta fi so da hannunta, tana dariya, don in zauna a aji. Kuma ni ce na gani, ni ce na yi shiru har furfura.

Jiya da hantsi ina yi wa jaririyar wanka na ga cibiyarta ta yi baƙi, ta bushe, tana reto a jikin ɗan abin matsewa na roba da aka sa mata a asibiti. Gashin kanta kuwa laushi, santsi, da ɗan lanƙwasa kaɗan. Na ɗaga kai na hangi tsakar gida ta taga, inda darbejiyar da marigayi maigidana ya shuka ta yi inuwa. Gidan namu ne, ƙasar tamu ce, har takarda akwai. Na naɗe yarinyar a tawul na miƙa wa uwarta, na zauna a bakin gado, abin da ba na yi.

Na ce, "Ajiye littafin nan, zan ba ki wani labarin, na uwata. Amma tukuna ina roƙon abu ɗaya. Idan cibiyar nan ta faɗi, kada ki jefa ta a shara. Ki kawo mini, mu je gindin bishiyar can tare, ki riƙe mini zani in durƙusa."